ƘUSA MAI TUTIYA: KURAKURAN DA KE SA ISKA TA YAYE RUFIN ƊAKIN AJIYA



A farkon wata damina an kira ni wani ƙauye kusa da iyaka, a ƙasar Jibiya. Wani dattijo ya gina ɗakin ajiya da bulo da siminti, ya rufe shi da sabon kwano, ya zuba gero da wake yana jiran kuɗinsu ya tashi. Cikin dare ɗaya hadari ya taso daga gabas. Da gari ya waye sai aka tsinci rufin a gonar maƙwabcinsa, hatsi kuwa ya sha ruwa. Muka duba katako, lafiya lau. Muka duba kwano, ko tsatsa babu. Ƙusoshi ne suka zare, don gajeru ne, kuma ba a ɗaure rufin da bango ba. Kuɗin da dattijon nan ya rage wajen sayen ƙusa bai kai na tiya biyar ta gero ba, amma abin da ya rasa buhuna ne.

Saboda haka aka rubuta wannan 'yar takarda. Ko kafinta ka ɗauka, ko da hannunka za ka yi, ya kamata ka san ƙusar da za ka saya da yadda za a buga ta. Bayanin ya shafi ɗakin ajiya, da ɗakin kaji, da rumfar dabbobi, da rumfar injin ban-ruwa irin ta masu noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Jibiya.

MECE CE ƘUSA MAI TUTIYA?

Ƙusa ta ƙarfe ce, ƙarfe kuwa in ya haɗu da laima da iska sai ya yi tsatsa. Don a hana haka ake lulluɓe shi da wani farin ƙarfe da ake kira tutiya, watau irin wanda ke jikin kwanon rufi da bokiti. Wasu kafintoci na ce wa irin wannan ƙusa galbanaiz. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi rajistarta tun 1837.

Tutiya tana aiki iri biyu. Na ɗaya, riga ce, tana hana ruwa taɓa ƙarfen. Na biyu, ko an ɗan karce rigar, tutiyar da ke kewaye da wurin ita ce za ta fara cinyewa kafin ƙarfen ya kamu. Ke nan gwargwadon kaurin tutiya, gwargwadon daɗewar ƙusa. Ranar da tutiya ta ƙare, ranar tsatsa za ta fara.

A kasuwa za ka tarar da iri uku:

1. Ƙusa tsura, marar tutiya. Sumul take, sau da yawa da ɗan maiƙo a jikinta. Ta aikin cikin ɗaki ce, inda ruwa ba ya kaiwa, kamar benci ko kanta.

2. Mai tutiya 'yar kaɗan, wadda aka shafa mata da lantarki. Tana ƙyalli ƙwarai, amma rigarta ba ta da kauri. Tana yi a inda babu laima sosai.

3. Wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450. Launinta toka-toka ne, jikinta da kaushi, ba ta da kyan gani. Ita ce mai kaurin riga, kuma kaushin nan na taimaka mata ta kama katako. Ita ce ta aikin waje, da ɗakin kaji, da duk inda ruwa ko taki ke kusa.

KUSKURE NA 1: SAYEN ƘUSA DON ƘYALLI KO ARAHA

Mutane da yawa in sun ga ƙusa na walƙiya sai su ce ita ce mai kyau. Ba haka ba ne. Mai ƙyalli ita ce mai sirirar riga, ko ma tsura. Araha ba ta ado.

Kayan gini na shigowa Jibiya ta Katsina da Kano, wasu kuma ta Maraɗi. An rufe iyaka a 2019, aka buɗe ta Jibiya a 2022, aka sake rufewa a 2023, aka buɗe a 2024. Duk lokacin da hanya ta canja, kayan da ke shaguna su ma sukan canja. Saboda haka kada ka dogara da cewa wannan ta waje ce, ko wannan ta gida ce. Idonka da hannunka su ne shaida.

Ga gwaji mai sauƙi. In ka je kasuwar Lahadi ta Jibiya, sayi ƙusa biyar-biyar daga kowane iri. Naɗe su cikin tsumma mai laima da ka barbaɗa wa gishiri kaɗan, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana uku ko huɗu ka buɗe. Wadda ta yi ja, tsura ce, ko rigarta ba ta da kirki. Wadda ta yi fari-fari kawai, tana da tutiya. Lahadi mai zuwa sai ka sayi wadda ta ci gwaji.

In ka kawo gida, ajiye ta a busasshen wuri. Kada ka bar ta cikin leda mai gumi, kuma kada ka jingine ta da buhun taki.

KUSKURE NA 2: GAJERIYAR ƘUSA

Wannan shi ne babban kuskure. Abin da ke riƙe rufi shi ne sashen ƙusar da ya shiga katako na biyu, watau na ƙasa. Ƙa'ida ita ce aƙalla rabin tsawon ƙusa ya shiga katako na biyu, in da hali kashi biyu cikin uku. Alal misali, in ka ɗora katako mai kaurin inci 2 a kan wani, ka buga ƙusa mai inci 3, to inci 1 kawai ke riƙe da shi. Iska ba za ta sha wahalar zare ta ba.

Ga abin da ya dace:

Inci 1½ zuwa 2: ragar ɗakin kaji da siraran katakai.
Inci 2½ zuwa 3: allon katako mai kaurin inci 1, kamar na ƙofa da taga.
Inci 4: ƙananan katakan gicciye, irin su tu-bai-tu, waɗanda kwano ke kwanciya a kansu.
Inci 5 zuwa 6: haɗa manyan katakai, irin su tu-bai-fo, da juna.
Ƙusa mai hula, inci 2½: buga kwano. Nemi mai murɗaɗɗen jiki, ta fi kamawa.

Lura kuma, kafintocinmu da inci suke awo, amma in ka ƙetara Magama ka shiga Ɗan Isa ko Maraɗi, da santimita ake lissafi. Inci 2 santimita 5 ne, inci 3 santimita 7½, inci 4 santimita 10, inci 6 santimita 15. Hanya mafi sauƙi, in za ka aiki yaro, ba shi ƙusa ɗaya ta misali ya tafi da ita.

Kada kuma ka wuce gona da iri. Ƙatuwar ƙusa a siririn katako tsaga shi za ta yi.

KUSKURE NA 3: ƊANYEN KATAKO

Katakon da ake kawowa daga Kudu sau da yawa bai gama bushewa ba. Haka nan itacen bedi ko turare da ka sare a gona. In ka buga ƙusa a ɗanyen katako, da farko za ka ji ta kama ƙam. Amma in iskar hunturu da zafin bazara suka busar da shi, sai ya tsuke, ya tsattsage, ƙusa ta yi sako-sako. Daidai lokacin nan ne kuma hadarin farkon damina ke zuwa.

Sayi katako da kaka. Jera shi a inuwa bisa duwatsu, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka danne saman kada ya lanƙwashe. Bari ya yi makonni yana shan iskar hunturu kafin a taɓa shi. Sa'an nan ka shafe shi da maganin gara tun kafin a hau da shi, musamman bakin da zarto ya yanka. Ƙusa komai kyanta ba ta riƙe katakon da gara ta cinye.

In ka sami katako mai launin kore-kore wanda aka jiƙa da magani tun daga masana'anta, galibi maganin na da jan ƙarfe a ciki, yana kuwa cin ƙusa. Kada ka sa masa kowace iri sai wadda aka tsoma cikin tutiya.

KUSKURE NA 4: TSAGA KATAKO WAJEN BUGU

Katakon da ya tsage bai riƙe ƙusa, ko da daga waje ka ga kamar ta zauna. Kiyaye waɗannan:

(a) Kada ka buga a bakin katako. Bar tazarar yatsa uku ko huɗu daga ƙarshensa, da kaurin babban yatsa daga gefensa.

(b) Kada ka jera ƙusoshi a layi ɗaya bisa tsawon katako. Kauce da su, wannan dama, wannan hagu.

(c) In katakon mai saurin tsagewa ne, kifa ƙusar ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe. Mai tsini tana raba jijiyar katako kamar gatari, dakusasshiya kuwa huda ta take yi.

(d) Jan katako mai tauri, a fara huda shi da abin huda katako, ramin ya ɗan fi ƙusar ƙanƙanta. Azara ta giginya kuwa ba ta son ƙusa, ɗauri da waya ya fi mata.

(e) Ƙusar da aka buga ta kan katako, watau ta bakin da aka yanka, tana bin jijiya, da ƙyar take riƙe wani abu. Maimakon haka a buga biyu a karkace, ɗaya daga kowane gefe, su gicciya juna a ciki.

(f) Kowace mahaɗa ta sami ƙusa biyu ko fiye. Guda ɗaya tana barin katako ya juya.

In tsinin ƙusa ya ɓullo ta baya, kada ka bar shi. Lanƙwasa shi a gicciye da jijiyar katako ka kwantar. Wannan yana ƙara ƙarfin riƙo ƙwarai.

KUSKURE NA 5: ƁATA RIGAR TUTIYA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ana dukan ƙusa da gudumar da bakinta ya farfashe, ko ana ta bugu bayan ta riga ta zauna, tutiyar kanta sai ta ɓare. Kan kuwa shi ne ke fuskantar ruwa. Yi amfani da guduma mai sumul ɗin baki, ka daina bugu da zarar kan ƙusa ya yi daidai da katako. In ka nutsar da shi ciki, ka yi wa ruwa gurbi.

Tsohuwar ƙusa da aka ciro aka miƙe, rigarta ta riga ta tsage a inda ta lanƙwashe. Yi aikin cikin gida da ita, amma kada ta hau rufi. Kada kuma ka jefa tsohon katako ko kwano a wuta don ka tsince ƙusa. Wuta na ƙone tutiya, farin hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

KUSKURE NA 6: BUGA KWANO A KWARI

Dubi kwano, za ka ga tudu da kwari. Kwari hanyar ruwa ce. A rufi, kullum a tudu ake buga ƙusa mai hula. Wanda ya buga a kwari ya yi wa ɗakinsa rariya, ruwa zai bi ƙusar ya ɗiga kan buhu, ya kuma ruɓar da katakon da ke riƙe ta.

Sa roba ko ɗan kwali mai kwalta ƙarƙashin hular. Buga ta a miƙe, ka tsaya da zarar hula ta danne robar. In ka ci gaba har tudu ya loɓa, ruwa zai kwanta a wurin. Ja igiya bisa kwanon don ka san inda katako yake. In ka kuskure katako, cire ƙusar nan take ka toshe ramin, kada ka ce sai gobe.

Hawan kwano kan kwano, a gefe ya zama tudu ɗaya da rabi ko biyu, a tsawo kuwa inci 6. Da yake hadarinmu daga gabas yake tasowa, in rufinka ya miƙe gabas da yamma, fara shimfiɗa kwano daga yamma kana tahowa gabas. Ta haka bakin kowane kwano zai juya wa iska baya.

Tazarar katakan gicciye kada ta wuce ƙafa 3. In kwanon marar kauri ne, ƙafa 2 ta fi.

In kwanon alminiyam ka saya, kada a buga shi da ƙusa tsura. Ƙarfe biyun nan in ruwa ya haɗa su, ramin sai ya cinye ya yi faɗi, kan ƙusa ya zurma.

KUSKURE NA 7: ROWAR ƘUSA A GEFE, DA RASHIN ƊAURE RUFI

Mutane na zaton iska tura rufi take yi. A'a, tsotsarsa take yi sama, kamar yadda take ɗaga tabarmar da aka shanya. Ta kan fara daga kusurwa da bakin rufi da doronsa. Da ta ɗaga kwano ɗaya ta shiga ciki, sauran sun tafi.

Saboda haka a bakin rufi, da doro, da gefuna biyu, buga ƙusa a kowane tudu, ko ka tsallake ɗaya kawai. A tsakiya kana iya tsallake biyu. Kada kwano ya zarce bango da yawa ba tare da katako a ƙarƙashinsa ba.

Sa'an nan ka tuna rufi sarƙa ne. Kwano na riƙe da ƙananan katakai, su kuma suna riƙe da manya, manya suna riƙe da bango. Inda duk aka yi sakaci, nan zai tsinke. Nauyin rufi kaɗai bai isa ya zaunar da shi ba. Tun ana gini a binne langa-langa ko siririn rodi cikin bango, layi uku ko huɗu na bulo kafin a kai sama, a bar bakinsa waje. In an ɗora katako sai a naɗe shi da langa-langar, a buga ƙusa mai tutiya. A yi haka a kowace kusurwa, da kuma kowace ƙafa 4 bisa tsawon bango. In ginin ƙasa ne, a ɗaura waya mai kauri a guntun itace, a binne shi can ƙasa cikin bango. Tun ran gini ran zane, in an gama gini gyaran yana da wuya.

Jibga duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ya maye gurbin ɗauri. Suna tare ruwa da ƙasa su jawo tsatsa, in kuma iska ta yi ƙarfi su faɗo kan mutane. In ka ga hadari ya haɗu, rufe ƙofa da tagar ɗakin ajiya, don iskar da ta shiga ciki tana tura rufi daga ƙasa.

KUSKURE NA 8: TAKI DA KASHIN KAJI

Takin zamani, ko yuriya, ko kamfa, ko sufa, yana jawo laima yana kuma cin ƙarfe. Haka gishiri da kanwa. Warin nan mai hawa ido da ke tashi daga kashin kaji da fitsarin dabbobi shi ma yana cin tutiya. Shi ya sa rufin ɗakin kaji kan riga na ɗakin kwana lalacewa, ko da rana ɗaya aka buga su.

A irin waɗannan wurare sai ƙusar da aka tsoma. Bar mashigar iska ƙarƙashin rufi, ka sa mata raga don ɓera da tsuntsu. Riƙa kwashe kashin kaji kana kai wa gona. Ɗora buhunan taki bisa katako, nesa da bango, bakinsu a ɗaure, kuma in da hali kada su kwana ɗaki ɗaya da hatsi.

KUSKURE NA 9: BARIN ƘUSA A ƘASA

Saniya ba ta tsince abinci kamar akuya, da harshe take naɗowa ta haɗiye. In ƙusa ko guntun waya ya shiga cikin harawa ko dusa, sai ya sauka a sashen tumbinta mai kama da saƙar zuma, wanda ke dab da zuciya. Daga nan yana iya hudawa. Za ka ga ta daina ci, ta gantsare, tana nishi, nono ya ragu. In ka ga haka kira likitan dabbobi da wuri. Mutum na iya rasa san huɗa saboda ƙusa ɗaya.

Zuba ƙusa a gwangwani lokacin aiki, kada ka riƙe ta a baki. In an tashi, ɗaura maganaɗisun tsohuwar lasifika a igiya, ka sa yaro ya ja shi ko'ina a wurin. Duk guntun katakon da ke da ƙusa, a cire ta ko a lanƙwasa.

In wani ya taka ƙusa, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti ran nan don allurar tetanus, cutar nan mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take, saboda haka ko sabuwar ƙusa ce a je. Kada a zuba toka ko baƙin mai a ciwon.

DUBA RUFINKA KOWACE SHEKARA

A watan Afrilu, kafin hadarin farko, ka keɓe yini ɗaya. Shiga ɗakin da rana ka rufe ƙofa, duk inda ka ga haske ya ɓullo, rami ne. Hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ka taka bisa layin ƙusoshi, don nan katako yake. Ƙusar da ta taso, kada ka mai da ita cikin tsohon raminta, cire ta ka sa wadda ta fi ta tsawo ko kauri. Inda ka ga jan zane na tsatsa ya gangaro daga hula, canja ƙusar. Soka wuƙa a katako ka ji ko gara ta shiga. Duba langa-langa ko ta tsinke.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Toka-toka mai kaushi ita ce ta waje. Gwada kafin ka saya da yawa.
2. Aƙalla rabin ƙusa ya shiga katako na biyu.
3. Busar da katako, ka sa masa maganin gara.
4. Ƙusa biyu a kowace mahaɗa, nesa da bakin katako.
5. Kwano a tudu ake bugunsa, a ƙara ƙusa a gefe da doro.
6. Ɗaure rufi da bango.
7. Tsince duk ƙusar da ta faɗi.

In kafinta ka ɗauka, sayo ƙusar da kanka, ka tsaya a wurin ranar da ake bugu. In ba ka iya karatu sosai ba, ba ɗanka ya karanta muku tare da kafintan. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na Hukumar KTARDA da ke kula da yankinku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka noma. Amin.